Ibtihaj Muhammad: Littattafanta, 'Yan Mata da Rigimar Hijabi a Filin Wasa

A watan Fabrairun 2025 Majalisar Dattawan Faransa ta amince da wani ƙudiri da zai hana sanya duk wata alamar addini a gasannin wasanni na ƙasar. Sanatoci 210 suka goyi baya, 81 suka ƙi. Ba hijabi kaɗai ƙudirin ya shafa a rubuce ba, amma muhawarar da aka tafka a kansa kusan duk a kan hijabi ta tsaya. Labarin ya ɗaure wa mutane da yawa kai, domin an daɗe da jin cewa FIFA ta ɗage haramcin, an kuma ga mata da lulluɓi suna karɓar lambobin yabo a gasar Olamfik. To, wa ya halatta, wa ya haramta, kuma dokar wa ake bi?

Duk lokacin da wannan magana ta taso, akwai sunan da ba ya ɓacewa a cikinta: Ibtihaj Muhammad, 'yar wasan takobi ta Amurka. Ita ce mace ta farko da ta wakilci Amurka a gasar Olamfik sanye da hijabi, a birnin Rio na Brazil a 2016, ta kuma dawo gida da lambar tagulla. Yau ba a filin gasa aka fi jin ta ba. Littattafai take fitarwa, yawancinsu na yara ƙanana. Wanda ya bi labarinta da abin da ta rubuta zai fi gane inda rigimar ta samo asali, da kuma dalilin da ya sa ta wuce batun ƙyalle ɗaya a kai.

## Yadda tufafi suka zaɓa mata wasa

An haifi Ibtihaj a watan Disambar 1985, ta tashi a garin Maplewood na jihar New Jersey. Iyayenta baƙaƙen fatar Amurka ne da suka musulunta. Mahaifinta ɗan sanda ne, mahaifiyarta malamar makaranta, kuma gida ne da ake son kowane yaro ya riƙe wani wasa. Ta gwada wasanni da dama tun tana ƙarama, amma kullum matsalar ɗaya ce: kayan da ƙungiya ke rabawa gajeren wando ne da riga marar hannu. Sai mahaifiyarta ta yi ta ƙarin dogon wando da dogon hannu a ƙarƙashi, yarinyar kuma ta fita daban a cikin sa'o'inta, ana kallonta ana tambaya.

Kamar yadda ta sha ba da labari, wata rana suna cikin mota mahaifiyar ta hango ɗalibai ta tagar makarantar sakandaren garin suna atisaye a rufe ruf, daga kai har ƙafa. Ba ta ma san sunan wasan ba, abin da ta gani shi ne shigar. Wasan takobi ne. Ƙa'idarsa ce ta tilasta wa kowa, namiji da mace, sanya farar riga mai kauri, dogon wando, safar hannu da hular ƙarfe mai raga da ke rufe fuska. Ibtihaj ta fara shi tana shekara 13, kuma a karon farko shigarta ta zo daidai da ta kowa.

Wasan yana da rukuni uku gwargwadon irin takobin: foil, epee da sabre. Ta fara da epee, daga baya ta koma sabre, wanda ya fi sauri kuma ake samun maki da sara ba da suka kaɗai ba. A 2002 ta shiga gidauniyar Peter Westbrook da ke New York. Westbrook baƙar fata ne da ya ci tagulla a gasar Olamfik ta 1984, ya kafa gidauniyar a 1991 don 'ya'yan marasa ƙarfi su samu shiga wasan da tsadarsa ta sa ya zama na masu hali. Daga nan ta tafi Jami'ar Duke, ta gama a 2007, ta shiga tawagar ƙasa a 2010. A 2014 tawagarsu ta ci zinare a gasar duniya a Kazan ta Rasha. A Rio kuwa, ita da Mariel Zagunis da Dagmara Wozniak da Monica Aksamit suka doke Italiya da maki 45 da 30 suka ɗauki tagulla.

Abu biyu ne suka buɗe mata wannan hanya, kuma babu wanda ya dogara da baiwarta: shigar da ta dace da addininta, da gidauniyar da ta rage mata nauyin kuɗi. A kan waɗannan biyun, da na uku da za a zo kansa, kusan duk rubutunta ya ginu.

## Abin da ta rubuta

Littafinta na farko, Proud, ya fito a 2018. Tarihin rayuwarta ne, ta rubuta shi tare da 'yar jarida Lori L. Tharps, aka kuma fitar da wani bugu mai sauƙi don matasa. Wanda ya ɗauke shi yana zaton zai karanta labarin nasara zalla zai sha mamaki. Ta ba da labarin yadda ta gama babbar jami'a amma aiki ya gagara, har ta koma tsaron kanti da koyarwar wucin gadi, tana kyautata zaton sunanta da hijabinta na cikin dalilan. Ta faɗi yadda, a cewarta, aka riƙa mayar da ita saniyar ware a cikin tawagar ƙasa, ba a gayyatarta cin abinci tare, ba a sanar da ita wasu shirye-shirye. Ta kuma yi bayanin wata irin fargaba da kasala da ke kama ta ranar gasa, har sai da ta nemi taimakon masanin halayyar ɗan Adam mai kula da 'yan wasa. Wannan ɓangaren labarinta ne ita kaɗai, daga bakinta aka ji shi, amma ya zo a lokacin da 'yan wasa kaɗan ne ke yarda su ambaci lafiyar ƙwaƙwalwa a fili.

Daga nan sai ta juya wajen yara. A 2019 ta fitar da The Proudest Blue, littafi mai hotuna da ta rubuta tare da marubuciyar Kanada S. K. Ali, Hatem Aly ya yi zanen. Labarin ranar farko ce da wata yarinya, Asiya, ta tafi makaranta da hijabi, ƙanwarta Faizah ke ba da labarin, tana alfahari da yayarta tana kuma ganin yadda wasu yara ke yi mata ba'a. Littafin ya shiga jerin waɗanda suka fi kasuwa na jaridar New York Times. The Kindest Red ya biyo baya a 2023, sai The Boldest White a 2024, wanda a cikinsa Faizah ke koyon wasan takobi tana fama da jin kunyar fitowa gaban jama'a.

Akwai masu tambayar ko ɗan wasan da ya yi littafi da taimakon wani ya cancanci a kira shi marubuci. A harkar ɗab'i ta Amurka akwai hanya biyu. Wani lokaci ana ɗaukar ƙwararre ya rubuta komai a ɓoye sunansa, wani lokaci kuma a yi aikin tare a sa sunayen biyu a bango. Littattafan Ibtihaj na kashi na biyu ne: sunayen Tharps da Ali suna nan a fili. Rayuwar da batun nata ne, gogewar tsara zance ta abokan aikin ce, kuma ba a ɓoye wa mai karatu hakan ba.

Me ya sa yara? Amsar tana cikin alƙaluman wata cibiyar nazarin littattafan yara ta Jami'ar Wisconsin. A lissafinta na littattafan da suka fito a 2018, rabinsu a kan farar fata suke, kashi 27 cikin 100 a kan dabbobi da makamantansu, baƙar fata kuwa kashi 10 kacal. Wato yarinya baƙa, Musulma, ta fi saurin cin karo da zomo mai magana a ɗakin karatun makarantarsu fiye da yarinya irinta. Wannan shi ne abu na ukun: ganin wadda ta yi kama da kai a wurin da kake son zuwa. Tunanin nan ne kuma ya haɗa littattafan da sauran harkokinta, wato kamfanin suturar mutunci mai suna Louella da ta kafa da 'yan uwanta a 2014, da 'yar tsanar Barbie mai hijabi da aka yi da siffarta aka bayyana a 2017, da tallar hijabin wasanni na kamfanin kayan wasanni na Nike.

## Shin alƙaluma sun goyi bayanta?

Matsayin Ibtihaj a taƙaice shi ne, 'yan mata ba sa barin wasa don ba su iya ba, sai don wurin bai yi shirin karɓarsu ba. Binciken da Hukumar Lafiya ta Duniya ta jagoranta aka wallafa a 2019, kan yara masu shekara 11 zuwa 17 a ƙasashe 146, ya gano kashi 85 cikin 100 na 'yan mata ba sa samun motsa jikin da ya kamata, wato aƙalla sa'a ɗaya a rana. A maza kashi 78 ne. Gidauniyar wasannin mata ta Amurka da shahararriyar 'yar wasan tanis Billie Jean King ta kafa a 1974 ta daɗe tana cewa zuwa shekara 14, yawan 'yan matan da ke barin wasa ya ninka na maza. Shekarun balaga ne ke nan, lokacin da jiki ke sauyawa, al'ada ke farawa, kallon mutane ke zama nauyi, kuma a gidajen Musulmi da yawa lokacin ne ake soma lulluɓi da gaske.

Tarihin Amurka kansa ya nuna ƙarfin doka a wannan fage. A 1972 aka kafa dokar da ake kira Title IX, wadda ta hana makarantun da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya nuna bambancin jinsi. Kafin ta, 'yan matan da ke wasa a makarantun sakandare ba su kai 300,000 ba. Yanzu sun haura miliyan 3. Sha'awa ba ta faɗo daga sama ba, fili da kuɗi da mai horarwa ne suka samu. Wannan ya ƙarfafa hujjar Ibtihaj, ya kuma nuna iyakar littafi: labari na iya sa yarinya ta so shiga, amma ba shi ke da makullin ƙofa ba.

## Wa ke da ikon hanawa?

Asalin ruɗanin shi ne wasanni ba su da hukuma ɗaya. Iko hawa uku ne. Akwai kwamitin Olamfik na duniya, akwai hukumar kowane wasa ta duniya irin su FIFA a ƙwallon ƙafa da FIBA a ƙwallon kwando, sannan akwai hukumomin cikin gida da dokar kowace ƙasa. Abin da ake kira hijabin wasanni kuma ba doguwar hijabin da aka saba gani a Kano ko Maraɗi ba ce. Ɗan lulluɓi ne mai kama kai da wuya, na yadi marar nauyi, ba a sa masa allura.

A ƙwallon ƙafa haramcin ya fara ne a 2007, bayan wani alƙalin wasa a lardin Quebec na Kanada ya hana wata yarinya 'yar shekara 11 buga wasa da lulluɓi. Hujjar da aka riƙe daga baya ita ce tsaro, wai ana iya shaƙe mai shi idan aka ja. A 2011 tawagar matan Iran ta rasa wasan neman gurbin Olamfik da Jordan saboda shigarta. An fara gwajin sabon samfuri a 2012, aka halatta gaba ɗaya a 2014. A shekarar ce kuma tawagar kwando ta matan Qatar ta janye daga wasannin Asiya a Koriya ta Kudu kan wannan dalili, FIBA ba ta sauya ƙa'idarta ba sai 2017. A wannan tsakanin Bilqis Abdul-Qaadir, wadda ta kafa tarihin yawan maki a makarantun sakandaren jihar Massachusetts, ta rasa shekarun da za ta yi wasan ƙwararru a ƙetare. A 2023 Nouhaila Benzina ta Maroko ta zama ta farko da ta buga gasar cin kofin duniya ta manyan mata da hijabi.

Faransa ta bi wata hanya dabam. Hukumar ƙwallon ƙafarta ta riƙe haramcin a gasanninta, kuma a watan Yunin 2023 babbar kotun harkokin mulki ta ƙasar ta ce tana da ikon yin hakan, bayan ƙarar da ƙungiyar 'yan wasa mata da ake kira Hijabeuses ta shigar. A watan Satumban shekarar ministar wasanni Amélie Oudéa-Castéra ta sanar cewa 'yan tawagar Faransa ba za su sa hijabi a gasar Olamfik ta Paris ba. Sai aka wayi gari a 2024 baƙi na fafatawa da lulluɓinsu, 'yan gida kuwa an hana su. 'Yar tsere Sounkamba Sylla sai da aka sasanta ta sa hula kafin ta shiga bikin buɗe gasar. A bikin rufewa kuma Sifan Hassan ta Holan ta karɓi zinaren gudun fanfalaki da lulluɓi a kanta, a birnin da 'yar ƙasa ba za ta iya yin hakan ba.

## Ɓangarorin da ke jayayya

Masu goyon bayan haramcin a Faransa suna kafa hujja da tsarin raba addini da gwamnati, wanda dokar 1905 ta kafa, dokar 2004 kuma ta faɗaɗa shi zuwa hana alamomin addini a makarantun gwamnati. A ganinsu wanda ya sa rigar ƙasa tamkar ma'aikacin gwamnati ne, dole ya zama ɗan ba-ruwana. Suna ƙarawa da cewa filin da babu alamar addini yana kare yarinyar da ake matsa wa lamba a gida ko a unguwa ta sa abin da ba ta so.

Masu adawa, ciki har da Amnesty International da wasu ƙwararrun Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin ɗan Adam da suka yi magana a 2024, sun ce ba-ruwancin nan gwamnati ya ɗaure, ba 'yar shekara 15 da ke buga ƙwallo a kulob ɗin unguwa ba. Sun ce ko da an rubuta ƙa'idar da sunan kowa, a aikace kan mata Musulmi take sauka. Ibtihaj na wannan ɓangaren, tana cikin 'yan wasan da suka sa hannu a wasiƙar watan Maris ɗin 2024 da ta nemi a janye haramcin a ƙwallon kwandon Faransa. Hujjar kare yarinya tana da rauni guda da masu ita ba su warware ba: wadda aka hana shiga da lulluɓi ba lallai ta cire shi ba, sau da yawa wasan take bari, sai ta koma gidan da aka ce ana kare ta daga matsinsa.

Akwai ɓangare na uku da kafofin Turai ba su cika kawowa ba, alhali shi ya fi kusa da mai karatun Hausa. Malamai da iyaye da yawa ba ɗan lulluɓin kai ne damuwarsu ba. Suna duba matsattsun kaya, cuɗanya da maza, tafiye-tafiye ba muharrami, da fitowa gaban dubban 'yan kallo. A wurinsu hijabin wasanni bai cika sharuɗɗan sutura ba. Wasu malaman kuma suna kawo hadisin tseren da Manzon Allah (SAW) ya yi da Nana A'isha, wanda Abu Dawud ya ruwaito, su ce asalin motsa jiki halal ne ga mace, abin gyara shi ne wuri da shiga. Saɓanin nasu ya fi ƙarfi a kan gasar bainar jama'a, ya yi sauƙi ƙwarai a kan wasan 'yan mata zalla a cikin makaranta.

Sai masu tunatarwa cewa tilas tana da fuska biyu. A Iran doka ce ke wajabta lulluɓi, kuma duniya ta ga halin da 'yar wasan hawan bango Elnaz Rekabi ta shiga bayan ta fafata ba lulluɓi a Seoul a 2022. Wasu kuma na zargin manyan kamfanoni da mayar da hijabi hajar talla, ko da yake ƙananan masu ɗinki Musulmi sun riga su yin irin wannan kaya da shekaru.

## Abin da zai taɓa mutane

Wanda wannan ƙudiri zai fi shafa ba zakarun da ake gani a talabijin ba ne. Idan majalisar wakilan Faransa ta amince ya zama doka, haramcin da yanzu wasu hukumomi kaɗai ke aiwatarwa, irin na ƙwallon ƙafa da kwando da ƙwallon raga, zai game duk gasannin da hukumomin wasanni ke shiryawa, har na yara da na masu yi don sha'awa. Cikin waɗanda abin zai faɗa wa akwai 'ya'yan 'yan Afirka ta Yamma mazauna can, daga Nijar, Mali, Senegal da sauransu. Ita ma 'yar wasan da kulob ɗin Faransa ya ɗauka daga waje, ƙa'idar gasar cikin gida za ta bi, ba ta FIFA ba.

A Amurka abin ya tafi akasin haka. Bayan an soke sakamakon tseren wata ɗaliba a jihar Ohio a 2019 don ba a nema mata izinin sa hijabi a rubuce ba, jihar ta yi doka a 2022 da ta hana makarantu tilasta neman irin wannan izini.

A Najeriya da Nijar babu dokar ƙasa da ta hana yarinya wasa da lulluɓi, don haka cikas ɗin yana wani wurin: filin makaranta da babu katanga, rashin malamar motsa jiki mace, tsadar takalmi, aikin gida da talla bayan an tashi, da tsoron abin da mutane za su ce. Asisat Oshoala, Musulma 'yar Legas da ta lashe kyautar gwarzuwar ƙwallon Afirka sau 6, ta sha faɗin yadda iyayenta suka ƙi amincewa da farko, daga baya ta buɗe makarantar horar da 'yan mata. Littattafan Ibtihaj da Turanci suke, da dala ake sayensu, ba za su isa yawancin gidajen nan ba. Abin da zai iya isa shi ne lissafin da mahaifiyarta ta yi a cikin mota: maimakon a tambayi ko yarinya za ta yi wasa, a tambayi wane wasa, a ina, da wace shiga, a hannun wa.

Maganar za ta sake tasowa nan kusa. A ƙarshen 2026 Dakar za ta karɓi gasar Olamfik ta matasa, karon farko da wata gasar Olamfik za ta zo Afirka. A Los Angeles a 2028 guraben mata za su ɗara na maza a karon farko, ƙwallon ƙafar mata na da ƙasashe 16, ta maza 12. A 2030 kuma gasar hunturu za ta koma Faransa, inda makomar ƙudirin za ta nuna ko 'yan gida za su sake tsayawa a ƙarƙashin wata ƙa'ida dabam da ta baƙinsu.